Shanyewar Ɓarin Jiki: Me Ke Dawo da Hannu?

Jama'ar sansanin Minawao,

Wasu iyalai suna tambayarmu ko akwai ƙwaya ko na'urar da ke tayar da hannun da ya shanye, har suna tunanin sayar da rabon abincinsu don su kai mara lafiya Garwa. Kafin ku kashe ko sefa ɗaya, ku karanta wannan.

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Babban abin da ke jawo ta shi ne hawan jini. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, shi ya sa hannun ke buƙatar sake koyon aiki kamar na yaro.

Na'urar da kuke ji ana faɗa akwai ta. Ana ɗaura mata hannun mara lafiya, tana taya shi motsawa sau ɗaruruwa a zama ɗaya. A Birtaniya an gwada irinta mai suna MIT-Manus a binciken da ya haɗa mutum 770. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ba ta fi kulawar da aka saba yi ba wajen dawo da aikin hannu. An kuma gwada maganin fluoxetine a binciken mutum 3,127 a can: bai ƙara warkewa ba, sai ma karayar ƙashi da ta ƙaru. Likitoci na ci gaba da nazarin haɗa magani da na'ura. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne maimaita motsi kullum, musamman a watanni uku zuwa shida na farko.

Ga abin da za ku iya yi a gida:

Ku sa mara lafiya ya riƙa ɗaukar kofi, jan carbi, tsintar wake ko goge tabarma da hannun da ya shanye, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini.

Kada ku ja shi ta wannan hannun wajen tayar da shi, kafaɗa na iya gocewa. In yana zaune, ku tallafe hannun da matashi.

Kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi. Shi ke rage haɗarin ciwon ya dawo.

In kuka ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta rikice, ku garzaya asibitin sansani nan take, ko da dare ne. Kada ku ba shi asfirin ko ruwa kafin likita ya duba shi. Likita ne zai ce ko a kai shi Mokolo ko Marwa. Daga Marwa zuwa Garwa kusan kilomita 200 ne, tafiya ce mai wuya ga mara lafiya.

Duk mai irin wannan majinyaci a gida, ya zo ofishin kariya mu rubuta sunansa cikin masu buƙata ta musamman. Allah ya ƙara sauƙi.