CIWON CIKI MAI TAFIYA YA DAWO

Akwai mutanen da ciwon ciki ke damunsu wata da watanni. Yau ciki ya murɗa, gobe ya lafa. Wani lokaci gudawa, wani lokaci kuma bayan gida ya yi tauri. Ciki kan kumbura da iska. Sau da yawa ciwon kan ragu bayan mutum ya zaga.

Jama'a kan ce basir ne ko gyambon ciki. Amma sau da dama wata larurar hanji ce daban, wadda likitoci ke kira IBS. Ta fi kama mata, kuma takan soma kafin shekara 50.

Me ke kawo ta?

Hanjin mai wannan larura ba shi da rauni. Saurin jin ciwo ne ya yi masa yawa, kuma motsinsa ba ya tafiya daidai. Wasu takan same su bayan gudawa mai tsanani. Damuwa da rashin barci suna tayar da ita. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta kuma rikiɗa ta zama ciwon daji.

Yadda za a samu sauƙi

A riƙa cin abinci a kan lokaci, kaɗan-kaɗan, a tauna sosai. A sha ruwa mai tsabta da yawa. A lura da abincin da ke tayar da ciwon. Ga wasu wake ne, ko albasa, ko madara, ko burodi. Ga wasu yaji ne, ko maiƙo, ko lemon kwalba. Wanda ya iya rubutu ya riƙa rubuta abin da ya ci kullum har mako 2, zai gane wanda bai karɓe shi ba. Tafiyar ƙasa da isasshen barci suna taimakawa.

A guji sayen kafso a hannun 'yan talla, da shan jiƙe-jiƙen wankin ciki.

Yaushe za a je asibiti?

Da farko a je a auna bayan gida, don tsutsar ciki da atini kan yi kama da wannan larura. Idan kuwa aka ga jini a bayan gida, ko rama, ko zazzaɓi, ko gudawar da ke tada mutum daga barci, to a garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Haka ma wanda ciwon ya soma masa bayan shekara 50.