Wa Yaro Zai Gaya Wa Damuwarsa?

Malaman hadisi sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa yana da wani ƙane da ake yi wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi a gidansu a Madina, har ran nan tsuntsun ya mutu. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo ya tarar da yaron ya yi jugum, sai ya nemi dalili, aka gaya masa, sa'an nan ya dubi yaron, ya kira shi da alkunyarsa kamar yadda ake kiran dattijo, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'idoji sittin daga wannan hadisi, amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce, mafificin halitta bai raina baƙin cikin yaro don ƙanƙantar sababinsa ba.

Mu Hausawa muna da son 'ya'ya, ba mai musun wannan, sai dai kunya, wadda ita ce adon tarbiyyarmu, takan shiga tsakanin ɗa da mahaifi, balle ɗan fari wanda uwa ba ta ko ambaton sunansa. Magabata ba su jahilci wannan ba, shi ya sa suka bar wa yaro waɗanda zai sake da su: kakar da ke kiran jikanta mijinta, ko ta ce da jikanya kishiya, da goggo, da kawu, da kuma zaman tatsuniya bayan isha'i, inda yaro kan ji labarin Dodo yana jingine da wanda ya amince da shi, ya tsorata, ya tambaya, ya yi barci lafiya. To, yanzu da yawanmu muna birni cikin gidan haya, kaka tana ƙauye, kawu yana wata jiha, kunyar ta biyo mu, masu sassauta ta kuwa an baro su a baya.

Alhali kuwa abin tsoro bai ragu ba. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, aka sake kwashe 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, yaran da ba su taɓa taka Katsina ko Zamfara ba sun ji labarin a rediyo da bakin manya, suka kwana da shi, ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Ga kuma na cikin gida, waɗanda suka fi yawa: bulalar makaranta, da faɗan iyaye da ake zaton yaro yana barci, da fitar uwa bayan saki, da kai shi riƙo inda bai saba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar da ta shafi tunani da hankali.

Yaro ba kasafai yake cewa yana cikin damuwa ba, domin sau da yawa shi kansa bai san sunan abin da ke cin sa ba. Jikinsa ne ke faɗa a madadinsa, da ciwon ciki kowace safiyar makaranta, da firgita cikin barci, da fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, da fushin da ba a san shi da shi ba. Mu kuwa sai mu ce sangarta ce, mu ce masa namiji ba ya kuka, ko mu tambaye shi me ya nema ya rasa.

Ba a titsiye yaro gaban jama'a a ce ya faɗi abin da ke damunsa. A neme shi lokacin da hannu ke aiki ido ba ya cikin ido, ana ɓarar gyaɗa ko ana dawowa daga masallaci, a yi masa tambaya ƙarama wadda yake iya amsawa, kamar wa ya zauna kusa da shi yau, ko me yakan tuna in an kashe fitila. In ya fara magana a yi haƙuri da shirunsa, kada a katse shi da wa'azi, kada kuma a doke shi a kan abin da ya faɗa da bakinsa, domin wanda ya sha duka a kan gaskiya sau ɗaya ba zai sake kawo ta ba. Wanda bakinsa ya yi nauyi a ba shi takarda ya zana. Kuma lalle a guji yi masa ƙarya don a kwantar masa da hankali: idan ya tambaya ko 'yan bindiga za su zo, kada a ce masa babu su, a gaya masa gwargwadon hankalinsa abin da manya suka tanada, da wanda zai nufa in wani abu ya faru. Bayan haka a dafa kansa a karanta Falaƙi da Nasi tare, a tsare masa lokacin abinci da na barci yadda ya saba.

Amma idan al'amarin ya ɗauki makonni, yaro ya bar cin abinci, ya ƙaurace wa abokan wasa, ko ya fara zancen mutuwa, ko ya nuna wani babba yana taɓa shi ta inda bai dace ba, to, wajibi ne a haɗa addu'a da neman magani ba tare da jinkiri ba. A fara da asibiti mafi kusa, su ne za su tura shi gaba in da bukata, zuwa irin asibitocin da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, inda akwai likitocin da suka ƙware a wannan fanni.