Man inji mai bugu biyu: abin da babur ɗin ruwa na Jidda ke sha

Duk wanda ya tsaya a gaɓar Jidda da la'asar, idonsa zai fara kai wa kan manyan jiragen dakon kaya da ke layin shiga tasha. Tsohuwar sana'ar garin ke nan, tun shekara ta 26 bayan Hijira da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa a madadin Shu'aiba. Amma akwai ƙananan injuna da ba a cika lura da su ba: na kwale-kwalen masunta da ke kawo kifi babbar kasuwar kifi kusa da tashar, da kuma baburan ruwa da ke tsala gudu a mashigin Obhur, wajen kilomita 30 arewa da tsakiyar gari. Larabawa na ce wa babur ɗin "dabbab bahari". 'Yan uwanmu mazauna can, masu wanki da gyara da gadin irin waɗannan kaya, sun san shi ciki da bai.

Da yawa daga cikin tsofaffin baburan nan, da injunan bayan kwale-kwale, masu bugu biyu ne. Bahaushe ba baƙon wannan inji ba ne. Shi ne a cikin ƙaramin janareta Tiger da ke hana maƙwabta barci, shi ne a zarton yanka katako, shi ne kuma a bayan jiragen fito na Yawuri da Baga. Tambayar da ke raba mai inji da kuɗinsa ɗaya ce a ko'ina: wane mai za a zuba?

Sai an san yadda injin ke aiki amsar ke fitowa. Injin mota mai bugu huɗu yana da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansa. Man na zagayawa ya shafa ƙarafa ya koma, sai ya tsufa a juye shi. Mai bugu biyu ba shi da wannan ma'ajiya, domin ta cikin injin ne fetur da iska ke bi kafin su hau kan fistin. Saboda haka man shafawar tafiya yake tare da fetur, ya laso ƙarafa a hanya, sannan ya ƙone tare da shi. Kowane ɗigo sau ɗaya yake aiki. Ke nan ana son mai ya yi abu biyu da ba su cika jituwa ba: ya riƙe santsi a cikin zafi, ya kuma ƙone ƙurmus ba tare da ya bar saura ba.

A nan baƙin man mota ke faɗuwa. An cika shi da sinadaran wanke inji masu ƙarfe a ciki, irin su kalsiyam, waɗanda ba a yi su don shiga wuta ba. In sun ƙone sai su bar toka. Ni kaina na taɓa yin wannan ganganci da janareta a gida, shekara guda ina tsiyaya ragowar man mota a fetur ina ganin na yi dabara. Ranar da bakanike ya kwance fulogi ya miƙo mini, bakinsa ya toshe da wani ɓawo mai tauri kamar ƙanzon tukunya, zobban fistin kuwa sun manne a raminsu ko motsi ba sa yi. Na biya kuɗin gyara na koma gida da ƙafata. Wanda injinsa ya kama a tsakiyar Bahar Maliya ba shi da wannan gata. Sai dai ya jira masu gadin teku su hango shi, in igiyar ruwa ba ta riga ta kai shi kan duwatsun murjani ba.

To, ko a cikin man bugu biyun ma ba duka ne uwa ɗaya uba ɗaya ba, kuma alamar da ke jikin galan ita ke faɗin asali. Ƙungiyar masu ƙera kayan ruwa ta Amurka, NMMA, tana da tambarin TC-W3, wanda ya fito a 1992. Man da ya ci wannan jarrabawa ba ya barin toka ko kaɗan. An tsara shi ne don injin bayan kwale-kwale, wanda ruwan teku ke sanyaya shi, yake kuma daɗewa yana tafiya a hankali ko yana kaɗawa a wuri guda yayin da masunci ke jan koma. Injin da bai yi zafi sosai ba ba ya iya kakkaɓe toka, sai ta taru a fulogi. A ɗaya gefen akwai alamar API TC, da jerin na Japan: JASO FB, FC da FD. Waɗannan suna da 'yar toka kaɗan da gangan, domin sinadaran da ke barin ta su ne ke jure zafin injin da iska ke sanyayawa, kamar na babur ɗin tudu da zarto.

Babur ɗin ruwa ya faɗo a tsakanin biyun, shi ya sa ake yawan kuskure da shi. A ruwa yake, don haka hankali zai ce a ba shi man kwale-kwale. Amma gudunsa ba na kwale-kwale ba ne. Injin bayan jirgi yakan tsaya a wajen juyi 5,000 zuwa 5,500 a minti. Na babur ɗin kuwa yana kai wa 7,000, ga mahayin da bai san komai ba sai matse totur har ƙarshe, ya saki, ya sake matsewa. Kamfanonin ma kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Yamaha, mai WaveRunner, ta yarda da nata Yamalube 2-W ko wani mai tambarin TC-W3. Kawasaki, wadda ta fito da Jet Ski a farkon shekarun 1970 har sunan ya zama na kowa, ita ma TC-W3 take nunawa a yawancin nata. Amma littafin Sea-Doo mai injin Rotax ya hana TC-W3 ƙarara, ya ce a nemi mai ƙarancin toka na ajin API TC. Babura biyu na iya kwana a rumfa ɗaya a Obhur, abincin wannan ya zama gubar wancan.

Don haka maganar "wane ne ya fi kyau" da ake tafkawa a shagon kayan gyara ba ta da tushe a wurina. Mai tsada na haɗin sinadari ya fi ƙonewa da tsabta, ya fi ƙarancin hayaƙi, gaskiya ne. Sai dai in ajinsa ba na injinka ba ne, tsadar ba ta tsinana komai. Launi kuwa, shuɗi ko ja ko kore, rini ne kawai da aka sa don mutum ya gane ya riga ya gauraya fetur.

Sai batun awo. Wasu injunan suna da tankin mai daban da famfon da ke ɗiga shi daidai da gudu. Naka kawai ka cika tankin ka riƙa duba bututun, domin zafin Jidda na busar da roba ta tsage, mai ya yanke ba ka sani ba. Wasu kuwa da hannu ake haɗawa. Awon da aka fi sani shi ne 50 bisa 1: mililita 20 a kowace litar fetur, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Sabon inji ko wanda aka sake wa fistin akan ninka masa, 25 bisa 1, na sa'o'in farko. A zuba mai da ɗan fetur a jarka, a girgiza, sannan a cika. Masu cewa a ƙara mai "don injin ya ji daɗi" ba su taimake shi ba: fulogi ya jiƙe, salansa ta toshe, hayaƙi ya turnuƙe. Kowa ya san in kiɗa ya yi yawa ɓaci yake yi. Kada kuma a haɗa iri biyu a tanki ɗaya, musamman mai toka da marar toka, don wani lokaci sukan daskare kamar kamu su toshe matatar famfo.

Ruwan Jidda kansa yana da nasa hali. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne, ga ɗumi ga raɓar dare. Mai mai kyau na barin siririn shafi da ke kare ƙarafan ciki daga tsatsa, amma ba zai maye gurbin ɗauraye inji da ruwan daɗi bayan kowace fita ba.

Akwai kuma haƙƙin tekun. Tsohon inji mai kabureta yana iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fetur da mai ba tare da sun ƙone ba, kai tsaye cikin ruwa. Wannan ne ya sa aka hana irinsu a tafkin Tahoe na Amurka tun 1999, kuma daga 2002 manyan kamfanoni suka fara komawa baburan ruwa masu bugu huɗu. Sababbin da ake haya yanzu galibi irin waɗannan ne, su kuwa ba a gauraya musu komai a fetur. Wanda ya zuba musu man bugu biyu ya yi ɓarna ta wata fuskar. Tsofaffin dai ba su ƙare ba. Hannu kawai suke sauyawa, su gangaro wurin mai ƙaramin ƙarfi, sau da yawa ba tare da littafinsu ba.

In irin wannan ya faɗo hannunka, ko a Obhur ko a bakin Kainji, karanta lambar da ke jikin injin ka nemo littafinsa a intanet kafin ka sayi ko da kwalba ɗaya. In TC-W3 ya ce, duba galan ɗin ka ga tambarin NMMA da lambar rajista mai farawa da RL. Wanda aka ɗuro a gorar ruwa ba suna ba lamba, ka bar wa mai shi kayansa.