Robert Soper

Robert Soper masanin ilimin tono kayan tarihi ne ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya yi aiki a Najeriya da Kenya da Zimbabuwe. A Arewacin Najeriya an fi saninsa da binciken da ya yi a farkon shekarun 1960, wanda ya haɗa da gaɓar kogin Neja a yankin Yauri da Busa, kafin tafkin Kainji ya cika.

Aikinsa a yankin Yauri

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1964, aka kammala ta a 1968. Tun kafin nan an san cewa ruwa zai haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da dama na Gungawa, tare da kufai masu yawa. Saboda haka masana suka yi gaggawar bin gaɓar kogin suna rubuta wuraren da mutanen da suka zauna. Soper yana cikin waɗanda suka fara wannan zagaye.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka rubuta shi ne wani tudun kufai kusa da Yelwa, mai lamba RS 63/32. Daga baya A. J. Priddy ya tono tudun, ya samu tukwane da kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Gwajin kabon ya nuna an zauna a wurin tsakanin wajen ƙarni na 2 da na 7 miladiyya. Rahoton ya fito a 1970 a mujallar West African Archaeological Newsletter, wadda Thurstan Shaw yake shiryawa a Ibadan.

Wallafe-wallafe

A 1965 Soper ya buga maƙala kan zamanin amfani da dutse a Arewacin Najeriya a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya. A cikinta ya bayyana ire-iren makaman dutse da wuraren da aka tsince su.

Bayan ya koma Gabashin Afirka, ya tono wani wuri mai suna Kwale kusa da Mombasa, ya buga sakamakon a mujallar Azania a 1967. A 1971 ya sake buga wata maƙala a wannan mujalla, inda ya yi bitar farkon zamanin ƙarfe a kudancin rabin nahiyar Afirka. A 1980 shi da Patrick Darling suka wallafa nazari kan ganuwar tsohon birnin Oyo. A 2002 littafinsa kan Nyanga ya fito, wanda ya yi bayanin tsofaffin gonaki masu hawa-hawa da gine-ginen dutse a gabashin Zimbabuwe.

Tasirin aikinsa

A yau ana auna tasirin malami da yawan lokutan da wasu suka ambaci aikinsa a nasu rubutun, kamar yadda Google Scholar yake ƙirgawa. Wannan ma'auni yana tauye masana irin Soper, domin da yawa daga cikin mujallun Afirka na shekarun 1960 da 1970 ba su shiga manyan rumbunan ƙirga ambato yadda ya kamata ba.

Ana iya ganin tasirinsa ta wasu hanyoyi. Sunan Kwale ya zama sunan da masana suke kiran wani salon tukwane na farkon zamanin ƙarfe a Kenya da Tanzaniya, kuma masu nazarin harsuna suna kafa hujja da shi a muhawarar yaɗuwar harsunan Bantu. Duk wanda ya yi amfani da wannan suna ya ɗora ne a kan aikin Soper, ko da bai ambace shi ba.

A yankin Kainji kuwa, wuraren da ruwa ya rufe ba sa sake tonuwa. Ɗalibin da yake son sanin waɗanda suka zauna a gaɓar Neja ɗaruruwan shekaru kafin kafuwar masarautar Yauri, dole ya koma ga abin da Soper da Priddy da David Breternitz na Jami'ar Kolorado, wanda ya yi tono a yankin a 1968, suka rubuta.