Tsohon Keke Da Tsohuwar Hanya Sun Kawo Wa Ƙauyuka Arziki

Jama'a, babu ƙauyen da za ka shiga a ƙasar Hausa ba ka ga keke ba. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Amma yau da yawa sun raina shi. Da mutum ya sami babur sai ya jingine keke a zaure, tsatsa ta cinye shi.

A wannan wata za mu kai ku wani yanki na ƙasar Italiya, a Turai. A can tsohon keke da tsohuwar hanyar burji sun zama abin da ke jawo dubban baƙi zuwa ƙauyuka. Ku biyo mu ku ji yadda aka yi.

Ina Ne Wannan Wuri?

Sunan jihar Tuskani, a tsakiyar Italiya. A cikinta akwai wani yanki da ake kira Kiyanti, kusa da birnin Siyena. Ƙasar tudu da kwari ce. Ka hau wannan tudu, ka gangara, wani kuma na jiranka a gaba. Mutanen wurin manoma ne. Suna noma alkama da zaitun da inabi. Daga zaitun suke tatsar man girki, inabin kuwa yawancinsa barasa suke yi da shi.

Ƙauyukansu tsofaffi ne ƙwarai. An gina da yawansu a kan tudu, an kewaye su da ganuwa, domin a zamanin da birnin Siyena da birnin Fulorans sun daɗe suna yaƙi da juna. Tsakanin ƙauye da ƙauye akwai hanyoyi marasa kwalta, waɗanda aka shimfiɗa wa farar tsakuwa. Saboda haka suke ce musu fararen hanyoyi.

Yadda Ƙauyukan Suka Kusa Mutuwa

A da, yawancin manoman yankin ba su da gonar kansu. Mai ƙasa ne zai ba manomi gona da gidan zama. In an girbe a raba biyu, rabi na mai ƙasa, rabi na manomi. Wahala ta yi yawa, samu ya yi kaɗan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, aka buɗe masana'antu a birane. Daga 1950 zuwa wajen 1970 sai manoma suka yi ta ƙaura. Gidaje suka zama kango, gonaki suka koma saura.

Daga baya yankin ya fara farfaɗowa da cinikin amfanin gona da zuwan masu yawon buɗe ido. To, sai kuma aka shiga zuba kwalta a kan fararen hanyoyin nan, ɗaya bayan ɗaya. Kowa na ganin su alamar talauci ce.

Dabarar Mutum Ɗaya

A garin Gaiole, wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba, akwai wani mai son keke, sunansa Giancarlo Brocci. Shi ya ga abin da sauran ba su gani ba. A kan irin waɗannan hanyoyi ne manyan 'yan tseren keke na Italiya suka yi suna a da. In an shafe su duka da kwalta, wannan tarihi ya tafi ke nan.

A shekarar 1997 ya shirya hawan keke a kan hanyoyin. Mutum 92 ne suka fito. Aka sa wa taron suna Eroica, wato tafiyar jarumai. Tun daga nan ake yinsa a farkon watan Oktoba. Yanzu masu zuwa dubbai ne, har sun ninka mutanen garin, kuma daga ƙasashe da yawa suke fitowa.

Dokar taron ita ce abin mamaki. Ba a shiga da keken zamani. Sai keken tsere na ƙarfe wanda aka ƙera a 1987 ko kafin nan, ko wanda aka ƙera bisa wannan tsohon fasali. Mahaya kan sa rigunan ulu irin na kakanninsu. Kuma ba tsere ake yi ba, babu na ɗaya babu na biyu. Kowa ya kai ƙarshe ya ci. Ana ba kowane mahayi kati, a buga masa hatimi a wuraren tsayawa, shaidar cewa lalle ya bi ta nan.

Mu Bi Hanyar

Hanyoyin kashi-kashi ne, kowa da ƙarfinsa. Gajeruwar ba ta kai kilomita 50 ba. Doguwar kuwa kilomita 209 ce. Ta fi nisan Kano zuwa Zariya, ta kusa nisan Kano zuwa Kaduna. Wajen rabinta farar tsakuwa ce. In aka tara hawan da ke cikinta, ya wuce mita 3,000.

Masu bin doguwar hanya kan tashi daga Gaiole da asuba, da fitila a kan keke. Hawan farko shi ne na fadar Brolio. Wannan fada tana hannun zuri'a ɗaya, gidan Ricasoli, tun 1141. Ranar taron akan jera kyandir a gefen hanya don haska wa mahaya.

Daga nan hanya ta bi ta gefen birnin Siyena, ta nufi kudu zuwa ƙauyen Murlo. Ƙauyen ƙarami ne, gidajensa sun kewaye shi kamar ganuwa. A kusa da shi aka tono kayan wata tsohuwar al'umma, waɗanda suka haura shekara 2,500. Ba a kwashe su duka zuwa birni ba. An yi musu gidan tarihi a cikin ƙauyen, baƙi na zuwa gani.

Sai doguwar hawa zuwa Montalcino, gari ne a kan tudu, mai katangar yaƙi da aka gina a 1361. Daga can a gangaro zuwa Buonconvento, mai ganuwar jan bulo. Wannan gari zango ne a kan tsohuwar hanyar da Kiristoci masu ziyarar ibada ke bi da ƙafa zuwa birnin Rum.

Bayan garin Asciano ake shiga wuri mafi wuya, wato Monte Sante Marie. Kilomita 11 ne da ɗoriya na tsakuwa, hawa da gangara. A nan ƙarfafa da yawa kan sauka su tura keke, ba kuwa abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa. Daga nan hanya ta juya arewa, ta ratsa garin Radda, ta komo Gaiole. Wasu ba sa isowa sai dare ya yi.

A wuraren tsayawa mutanen gari ne ke ciyar da mahaya, kuma abincin ƙauye ake ci. Akwai burodi da man zaitun, akwai 'ya'yan itace, akwai wani faten wake da ganye da kwantan burodi, wanda a da abincin talakan manomi ne.

Me Ƙauyukan Suka Samu?

Na farko, an kafa alamu a kan doguwar hanyar, har mutum na iya binta kowane lokaci a shekara. Wani ya yi ta cikin kwana biyu, wani cikin kwana huɗu, yana kwana a ƙauyuka.

Na biyu, ciniki. Mai mota yakan wuce ƙauye fuu, ya bar musu ƙura. Mai keke kuwa dole ya gaji, ya ji yunwa, ya nemi ruwa da masauki. Tayarsa ta yi faci ya nemi mai gyara. Ta haka kuɗinsa ke zama a hannun mai abinci da mai masauki da manomi.

Na uku, daraja. A 2007 aka fara tseren ƙwararru a kan hanyoyin, wanda ake kira Strade Bianche, wato fararen hanyoyi da harshensu. A 2015 aka ƙara na mata. Ana gama tseren a babban dandalin Siyena, ana nuna shi a talabijin a ƙasashe da dama. Hanyar da ake jin kunyarta ta zama abin alfahari, hukuma na kula da ita. Wasu ƙasashe ma sun kwaikwayi taron Eroica, kamar Japan da Afirka ta Kudu.

Darasi Gare Mu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muke yi a bar ƙauyukanmu ba kwalta. A'a. Mutanen Kiyanti suna da titin kwalta zuwa asibiti da kasuwa. Ƙananan hanyoyin tsakanin gonaki ne suka adana, kuma suna gyaransu. Mu ma muna buƙatar titi mai kyau, haƙƙinmu ne mu nema.

Abin lura shi ne sun san darajar abin da suka gada. Mu ma muna da irinsa. Akwai rijiyar Kusugu a Daura, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da dutsen Kufena a Zariya. Ban da waɗannan, ƙauyuka da yawa suna da tsohuwar ganuwa, ko marina, ko maƙera, ko kukar da ayarin fatake ke sauka a gindinta. Sau da yawa mu da kanmu muke ɗibar ƙasar ganuwa mu yi tubali. In ta tafi ba ta dawowa.

Ga abin da ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za su iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Ku zauna da dattawa su ba ku tarihin garinku, ku rubuta a littafi. Ku rubuta sunayen wuraren tarihi a kan allo, ku kafa a bakin hanya. Inda akwai zaman lafiya, matasa su sa rana bayan girbi, da iznin mai gari, su hau kekuna su zaga ƙauyukan maƙwabta. Kafin a tashi a duba birki da taya da kaca, a riƙe famfo da kayan faci da ruwan sha, a kuma dawo kafin magariba.

Keken nan da ke jingine a zaure, a fito da shi a sa masa mai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.