Kwaɗon da Aka Manta a Zuciyar Linux

A kasuwar Tudun Wada da ke Zariya, idan yaron shago yana auna wa mai saye hatsi da tiya, sai ɗan'uwansa ya zo ya musanya masa ita da ƙaramin kwano bai sani ba, to lissafi ya rikice ke nan. Irin wannan rikici yakan auku a cikin kwamfuta, har da wayoyin Android da ke hannun mutanen unguwar, domin a kan zuciyar manhajar Linux aka gina su.

Zuciyar manhaja, wadda masana ke kira kanel, ita ce ke raba wa ayyuka lokaci da wurin ajiya, ita ce kuma ke kula da saƙonnin da ke shiga da fita ta intanet. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta Linux a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Da yake ayyuka da dama na gudana a lokaci guda, sai aka tanadi kwaɗo: aikin da zai taɓa wani bayani ya kulle shi, saura su jira har ya buɗe.

A 2016 wani mai bincike, Philip Pettersson, ya gano wani wuri a sashen sadarwa na Linux inda kullewar ba ta cika ba. Yayin da aiki ɗaya ke shirya rumbun karɓar saƙonni tare da agogonsa, wani aikin na iya sauya nau'in rumbun. Idan aka rufe hanyar, sai a manta da agogon, ya ci gaba da nuni zuwa wurin da aka riga aka saki. Mugu na iya cusa umarninsa a nan, ya ƙwace ikon na'urar baki ɗaya.

Tun 2011 kuskuren ke kwance, shekara biyar ba a lura ba, saboda sai ayyukan biyu sun yi kiciɓis cikin ƙiftawar ido yake bayyana. Gyaransa layuka kaɗan ne: aka sa ayyukan biyu riƙe kwaɗo guda.

Amma gyara ba ya isa ga na'ura sai mai ita ya sabunta manhajarsa. Saboda haka ya kamata malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta a makarantu su riƙa yin hakan a kan kari. Ɗalibi mai burin karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, ya saba da tambayar kansa a kan kowane layi: wa kuma zai iya taɓa wannan bayani kafin in gama?