Fiffiken Saman Mota da Iskar Majiya

Manomin kwarin Majiya, a ƙasar Buza, ya san halin iska tun kafin ya san mota. Daga 1975, da ƙungiyar CARE ta fara jera dogon yaro layi biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakani, ya ga cewa itacen da aka kafa a gicciye da hunturu shi ke ceton gero, wanda kuwa aka kafa a karkace inuwa kawai zai bayar. Wannan ne ya faɗo mini a rai ranar da na tarar da wani saurayi ɗan Sabon Gida a wani gareji a Madawa, ana mayar masa da fiffiken bayan rufin motarsa da gargada ta ɓamɓare.

Fiffike nake kiran wannan ɗan leɓe na roba da ke leƙowa saman gilashin baya, wanda yawancin ƙananan motocin da ake shigo mana da su daga Turai ke zuwa da shi. Tsatsa ta ci bakin rufin, don haka yaron gareji ya matso da shi gaba da kamar taƙi ɗaya, inda ƙarfe ke da lafiya. Na ce wa mai garejin, "Maigida, ai nan ba mazauninsa ba ne." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ado ne, ko ina aka sa ya yi."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu: in ka ruɓanya gudu sau biyu, sai ta ruɓanya sau huɗu. Motar da ke rarrafe a hanyar jar ƙasa tsakanin ƙauyukan Buza da Keita, tana kauce wa duwatsun Adar, fiffike ba ya tsinana mata komai. Amma da zarar ta hau kwalta, babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta ratsa Galmi da Madawa ta nufi Maraɗi, lissafi ya sauya.

Iskar da ta bi saman rufi tana son ta lanƙwaso ta bi bayan mota, kuma wannan lanƙwasar ce ke ɗaga gindin mota tana rage wa tayoyin baya riƙon ƙasa. Aikin fiffike shi ne ya datse ta daidai a baki, ta rabu da mota salin-alin. Wani injiniya Bajamushe, Wunibald Kamm, ya nuna tun cikin shekarun 1930 cewa motar da aka datse wa baya a inda ya dace tana keta iska da sauƙi. Kamfanin Audi kuwa ya koyi darasin da tsada: bayan haɗurran da motarsa TT ta yi a matsanancin gudu, sai da ya kira motocin a 1999 da 2000 aka gyara ƙafafunsu, aka kuma ƙara musu ɗan fiffike a baya. In kuwa aka matso da fiffiken gaba, iska ta tsallake shi ta sake kwanciya kan ragowar rufin, sai a tashi da fito da kaɗawa, ga ƙura tana ta dambarwa a gilashi.

Mai garejin ya yarda aka kankare tsatsar, aka yi ciko, aka shafa fenti. Daga nan sai aikin haƙuri. A auna tsakiyar rufi da igiya, a ɗora fiffiken ba gam, a buɗe ƙofar baya a ga ko zai goga, sannan a yi alama. A wanke wurin tas, domin gam mai fuska biyu ba ya shiri da ƙura ko maiƙo. A ƙasarmu ban yarda da gam shi kaɗai ba. Zafin watan Afrilu kan ƙarfen rufi yana saki masa jiki, gargada ta ƙarasa sauran. A haɗa da noti, a toshe kowace huda da kyau, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta dawo da tsatsa. Tsofaffin hudojin ma a toshe su. In fiffiken na ɗauke da fitilar birki, kada a bar wayarta tana lilo. Mai son cire wanda aka manna kuma ya bar motar a rana ta yi laushi, ya zarga zare mai ƙarfi yana ja kamar zarto, kada ya sa wuƙa.

Inda zancen ya fi shafar aljihu shi ne manyan motocin da ke lodin albasar Galmi zuwa Abijan da Akara. Hular iska da ke saman rufin ɗakin direba 'yar uwar fiffike ce, ta yaɗu bayan tsadar mai ta 1973, lokacin da har hukumar NASA ta Amurka ta shiga gwajin yadda manyan motoci za su rage shan mai. Ƙa'idarta ɗaya: bakinta ya yi daidai da tsayin kayan da ke bayanta. Da yawa ana iya ɗaga su ko a sauke. Sai dai sau nawa ake ganin buhuna sun haura hular da kamu biyu, iska na dukan tamfol kamar ganga tun daga Madawa har bakin teku? Haka in mota ta juyo wayam, hular a miƙe, tana ture iskar da ba abin da za ta kare. Kowace lita ta gazuwal da ta tafi a haka, daga kuɗin mai albasa ake cire ta.

Saurayin nan dai ya tafi da fiffikensa a mazauninsa. Kafin ya bar gari ya tsaya tasha, aka ɗaure masa buhu huɗu da katifa a saman rufi, gaban fiffiken, ya kama hanyar Sabon Gida.